Jego a Zango: Tarihin Ɗakin Mai Haihuwa a Nima da Maamobi

Hausa ba ta da kalmar da ke nufin ɗakin da aka keɓe wa jariri shi kaɗai. Akwai ɗakin amarya, akwai turaka, akwai shigifa da zaure, amma jariri ba shi da makwanci sai gefen uwarsa da dare, da rana kuwa gadon bayanta. Abin da ake gyarawa idan haihuwa ta matso shi ne ɗakin mai jego, kuma gyaran ya fi karkata ga lafiyar uwar, domin a tunanin mutanen da, idan jikin uwa ya gasu nono zai zo, idan nono ya zo ɗa ya rayu. Kalmar jego ta ƙunshi zaman nan gaba ɗaya: kwanakin da mace ke yi bayan ta sauka, tana wanka da ruwan zafi, tana cin abinci na musamman, an ɗauke mata daka da girki da ɗiban ruwa, har ta yi arba'in.

Al'adar ta tsiro ne a ƙasar da ke da faɗin tsakar gida, da itacen daji, da gero a rumbu, da dangin uwa a gari na kusa. Sai ga shi fatauci da aikin soja sun kai Hausawa bakin teku, garin da ba a samun ko ɗaya daga cikin waɗannan cikin sauƙi. Garin shi ne Accra, wanda Hausawa tun da suke kira Ankara (ɗalibi ya kula kada ya haɗa shi da babban birnin Turkiyya, sunayen ne kawai suka yi karo). Yadda jego ya rayu a zangunan Ankara tarihi ne da littattafan fatauci da na sarauta ba su cika waiwaya ba, saboda a ɗakin mata ya faru.

Abin da aka baro a gida

A ƙasar Hausa shirin haihuwa yana farawa ne da tafiya. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan ciki ya tsufa, shi ake kira goyon ciki. Wata kuma sai ta haihu a ɗakinta sannan a tafi da ita wankan gida. Dalilin a fili yake. Yarinyar ba ta san kan abin ba, kuma kunya ta hana ta nuna ciwo ko ƙaunar ɗan fari a gaban surukai, har sunansa ba za ta kama ba. A gaban uwarta ko gwaggonta kuwa ana iya tsawata mata ta ba da nono, ana iya lallashinta ta ci abinci. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau a tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ya adana hoton wannan zamani dalla-dalla, ko da yake Baba ita kanta ba ta taɓa haihuwa ba. Goyon 'ya'yan wasu ta yi, wanda shi ma babban reshe ne na uwantaka a wurin Hausawa.

Aikin miji tun kafin watan haihuwa ya kama shi ne tara itacen wanka. Tulin itace a ƙofar gida shela ce da ba ta bukatar maroƙi. Mata kuma su gyara ɗaki: a yi sabon daɓe a yayyafa makuba, a shafe bango da farar ƙasa, a daka yaji, a tanadi kanwa da gero da babbar tukunya. Idan naƙuda ta zo sai a kira ungozoma, wadda a zamanin da babban aikinta yakan fara ne bayan ɗa ya faɗo. Ita ke yanke cibiya, ta wanke jariri, ta wanke mabiyiya a binne ta a cikin gida. Daga nan sai wanka safe da yamma, da tafasasshen ruwa ana fyaɗa shi a jiki da ganyen runhu ko na tsamiya, daga baya darbejiya ta shigo sahu. A wasu wurare, musamman ƙasar Zazzau, mai jego takan kwanta a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga kunun kanwa, ga ƙauri, wato ƙafafun sa da ake dafawa da yaji kafin ranar suna a rarraba wa dangi da maƙwabta. Duk wannan yaƙi ne da abu ɗaya, sanyi, wanda aka ɗauka shi ne babban maƙiyin ɗanyen jiki.

Hanyar goro zuwa bakin teku

Goro ne ya fara jan Hausawa zuwa Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni a hanya kafin ya sauka Salaga, kasuwar da goron ƙasar Tonawa, wato Asante, ke haɗuwa da fataken arewa. Zango a asalinsa masaukin ayari ne a bayan gari, wurin da ake kwance kaya a kwana a wuce. A bakin mutanen Gana kalmar ta koma Zongo, ma'anarta kuma ta juye daga wurin wucewa zuwa wurin zama.

Abubuwa uku suka karkato da wannan hanya zuwa kudu. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan hanyoyin arewa ya yi rauni, kuma a cikin rundunar da ta yi yaƙin akwai sojojin da Kyaftin John Glover ya tara, waɗanda aka sani da sunan Hausawan Glover ko da yake ba dukkansu ne Hausawa ba. A 1877 aka mai da hedikwatar mulki daga Cape Coast zuwa Ankara. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu bakin teku. A Ankara, Malam Idrisu Naino ya zama jigon zangon farko a tsakiyar gari, ɗansa Malam Baƙo kuma ya fita da jama'arsa ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Nima ta zo daga baya. A farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai cinikin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami fili daga hannun wani dangi na mutanen Osu, a wajen iyakar gari. Girgizar ƙasar 1939 da Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya cika kewayen da barikoki da masu neman aiki a wurin soja, suka sa unguwar ta tumbatsa, Maamobi ta bi bayanta. Har zuwa farkon shekarun 1950 Nima ba ta cikin ikon hukumar gari, don haka aka gina ta ba tsarin titi, ba magudanar ruwa.

Abin lura ga tarihin jego shi ne, mafi yawan waɗanda suka fara zuwa maza ne. Soja da bafatake da almajiri ba su cika tafiya da uwar matarsu ba, da yawa ma ba su zo da matar ba. A nan suka yi aure, wasu 'yan matan Ga, wasu Akan, wasu Dagomba ko Kotokoli ko Zabarmawa ko Yarabawa. To, uba shi ke raɗa suna ya yanka rago, amma abin da ake yi wa jariri a cikin baho da asuba ba ya hannunsa. Yana hannun kakar wajen uwa. Saboda haka sunayen abubuwa suka zauna da Hausa, suna, wanzami, arba'in, barka, alhali hannuwan da ke aikin sun koyo shi daga al'ummomi dabam-dabam. Haka ya faru ga harshen kansa. Hausar zango, wadda masana ke kira Gananci, ta zama harshen da Bamoshe da Bazabarme da Bawangare ke haɗuwa a kansa, kuma a hanya ta zubar da wasu kaya: bambancin namiji da mace a nahawu ya yi rauni ƙwarai, ƙ da ɗ da ɓ sun koma k da d da b a bakin mutane da yawa. Ɗalibin da ya koyi Kananci, ya ji an ce matar wane ya haihu, kada ya yi saurin gyara wa mai magana; ka'idar garinsu ya bi. Mary Esther Kropp Dakubu ta yi bayanin matsayin Hausa a cikin harsunan Ankara a littafinta Korle Meets the Sea na 1997.

Ɗaki ɗaya, labule ɗaya

Malam Baƙo da tsararsa sun yi ƙoƙarin gina gida irin na Hausa, da zaure da cikin gida inda mata ke sakaya. Deborah Pellow, wadda ta daɗe tana bincike a Sabon Zango, ta nuna a littafinta Landlords and Lodgers na 2002 yadda haya ta cinye wannan tsari: aka yi ta ƙara ɗakuna a tsakar gida ana saka baƙi, har gidan gado ya zama gidan haya da iyalai masu yawa a ciki. A Nima da Maamobi abin ya fi haka tsanani. Gidan da aka saba gani shi ne jerin ɗakuna a kewaye da 'yar tsakar gida, rufin kwano, kowane iyali ɗaki guda, mai hali ɗaki da falo. Makewayin wanka na kowa da kowa ne, ban ɗaki kuwa a gidaje da yawa sai an fita na kuɗi.

A irin wannan gida gyaran ɗakin mai jego ya koma lissafin taku. A matsar da kabad ɗin kwanukan aure, waɗanda aka tara tun zamanin lefe, a sami gurbin baho da bokiti da kwandon kayan jariri. A ɗaura labule ya raba gado da sauran ɗaki, domin 'yan barka za su yi ta shigowa. Manyan yara su koma kwana ɗakin maƙwabciya ko wurin kaka. Fenti ya maye gurbin farar ƙasa, ledar ɗaki ta maye gurbin daɓe. Neman ɗaki mafi girma saboda ƙaruwa ba ƙaramin abu ba ne, domin masu gidaje a Ankara sun saba karɓar kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta iyakance abin da za a karɓa gaba ɗaya ga wata shida. Mai ɗinki ko direba da ke fuskantar kuɗin rago ba zai haɗa da wannan ba.

Yanayi ma ya sauya lissafi. A ƙasar Hausa shekara ta kasu kaka, ɗari, bazara, damina, kuma a ƙarshen rani ake yaɓe soro kafin ruwa ya sauka. Ankara tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba, hunturu kuma ɗan leƙowa yake yi a Disamba da Janairu. Wanda matarsa za ta haihu a watan Mayu ko Yuni, itacen wankansa shi ne hawa rufi tun watan Maris ya toshe hujin kwano, ya ɗaga dokin ƙofa da bulo ɗaya ko biyu, ya yashe kwatar ƙofar gida. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi tana cika ta yi ambaliya idan ruwa ya yi ƙarfi, kuma mutanen Ankara ba su manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah suka hallaka fiye da mutum 150. Inda ruwa ya kwanta sauro ya samu gida. Shi ya sa gidan sauro mai magani, wanda ake bai wa masu ciki a wurin awo, ya zama kayan ɗakin mai jego na farko, gaba da duk wani ado.

Wankan kansa ya ragu, amma bai mutu ba. Itace ya yi tsada kuma babu wurin tara shi, sai gawayi a kurfoti, daga baya gas. Ruwa ma saye ake yi a jarka idan famfo ya ɗauke. Wankan da ake yi da babbar tukunya a bayan ɗaki ya koma bokiti da tawul, ana gasa ciki da baya, a makewayin da mutum goma ke jiran layi. Wannan gashi da tawul al'ada ce da matan kudancin Gana suka sani tun da, don haka ba a san inda na Hausa ya tsaya na maƙwabta ya fara ba. Jariri kuma wata tsohuwa ke yi masa wanka a kan miƙaƙƙun ƙafafunta, ta gasa masa kai da gaɓoɓi, ta shafe shi da man kaɗanya, wanda Akan ke kira nkuto. Sabulun da aka fi yarda da shi shi ne baƙin sabulun nan da Hausawa ke kira sabulun salo, mutanen Gana kuma alata samina, wato sabulun mutanen Najeriya. Idan uwar mai jego tana Tamale ko Bawku ko Dosso, matar mai gida ko wata dattijuwar gidan haya ita ke tsayawa a matsayinta, kuma daga ranar ta zama kakar yaron a bakin kowa. Zumuncin zango da yawa a bakin baho aka ƙulla shi.

A kwanon mai jego an fi ganin haɗuwar. Koko mai yaji da ƙosai da tuwon zafi Hausawa da mutanen arewa ne suka kawo su, har suka zama abincin Gana baki ɗaya da sunayensu na Hausa. Waakye, wanda ake furtawa kamar wace, ba komai ba ne illa wake na shinkafa da wake. Daga maƙwabta kuma aka karɓi miyar kwakwar manja da romon barkono mai ruwa-ruwa, da prekese da ake jefawa a miyar mai jego. Kimba kuwa kowa ya same ta a gidan ɗan'uwansa, Akan suna kiranta hwentia.

Ranar suna

Musulmin zango sun riƙe kwana bakwai kamar yadda sunna ta tanada: da safe maza su taru, liman ya yi addu'a, a faɗi suna, a raba goro, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Suka tarar mutanen Ga su ma suna fito da jariri a kwana na takwas da asuba, bikin da suke kira kpodziemo, Akan kuma suna da nasu. Idan aka ƙirga ranar haihuwa a ciki, bakwai ɗin Hausa da takwas ɗin Ga rana ɗaya ce, ranar da aka haifi yaro ita ke zagayowa. Wannan dacewa ta sa maƙwabci Kirista bai taɓa ganin suna a matsayin baƙon abu ba. Sunayen rana ma haka: Ɗanjuma da Jummai su ne Kofi da Afua, Ɗanladi da Ladi su ne Kwasi da Akosua, Asabe ita ce Ama. Wanda ya biyo tagwaye Hausawa su ce Gambo, Akan su ce Tawia. Yaron zango na iya tashi da Fuseini a takarda, Kofi a bakin kakarsa, da wani laƙabi na uku a filin ƙwallo.

Bambanci mafi girma da tsohuwar al'adar ƙasar Hausa yana wurin kaciya. A da, a Kano ko Katsina, sai yaro ya kai shekara bakwai ko kusa da haka ake yi masa, a lokacin ɗari, tare da tsararrakinsa. A zangunan Gana tun yana jariri ake yi, sau da yawa a makon suna. Wanzaman Hausa sun yi suna a wannan aiki har kalmar wanzam ta shiga bakin mutanen Gana da ba su jin Hausa, kuma wannan a ƙasar da al'adar Tonawa ta da take hana mai kaciya hawa kujerar sarauta. Yau iyaye da yawa asibiti suke kai yaro, amma askin suna yana nan hannun wanzami.

Da yamma biki na mata ne. Tun da tsakar gida ba ta ɗaukar jama'a, sai a kafa rumfa a lungu ko a tare titi, a jera kujeru. Ƙawaye su fito da yayi, wato atamfa iri ɗaya da aka zaɓa domin bikin, abin da ake kira anko a Kano. Mai jego takan sa fararen kaya, al'adar da ta game kudancin Gana, inda fari ke nufin an yi nasara an tsallake haɗari. Ana iya yi wa wannan taro kallon almubazzaranci, malamai ma sun sha yin wa'azi a kansa, kuma wani lokaci da gaskiyarsu. Sai dai kuɗi da sabulu da turamen da ake zubawa bashi ne da ake biya, kowace mace tana riƙe da lissafin abin da aka kawo mata da wanda ta kai. Ga matar da jarinta tiren koko ne ko teburin waakye, wadda ba ta da hutun haihuwa na mako 12 da dokar ƙwadago ta 2003 ta ba ma'aikatan albashi, gudummawar ranar suna da kuɗin adashi su ne za su ciyar da ita har ta koma bakin kasuwa.

Asibiti ya shigo ɗaki

A zamanin Gwamna Guggisberg aka buɗe asibitin Korle Bu a 1923, asibitin yara na Princess Marie Louise a 1926, sannan bayan ya sauka aka buɗe asibitin haihuwa a 1928 inda aka fara horar da ungozomomin zamani. Dokar da ta tsara aikinsu ta fito a 1931. A asibitin yaran nan ne likita Cicely Williams ta lura da wata cuta mai kumbura yara ta sauya launin gashinsu, ta yi bayaninta a 1933, a 1935 kuma ta sa mata sunan da ta ji a bakin mutanen Ga, kwashiorkor, ciwon yaron da ƙaninsa ya ture daga nono. Hausawa sun san wannan haɗari da nasu kalmomin. Cikin da aka samu ana goyo shi ne rurrutsa ko kwanika, kuma doguwar shayarwa ta kusan shekara biyu, da nisantar miji a lokacin, katanga ce da aka gina domin kare yaron da ke baya. A ɗaki ɗaya na haya, inda babu gidan iyaye da za a tafi a daɗe, katangar ta yi gajarta.

Ba duk abin da aka rasa ne abin kuka ba. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka yi nazarin yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a yankin, suka danganta shi da kunun kanwa mai yawa da zafin wanka da na gado: kanwa tana tara ruwa a jiki, zafi yana ƙara wa zuciya aiki. Matar Nima da tsadar gawayi ta hana ta cikakken wankan kakanninta ta tsira daga wani abu ba tare da ta sani ba. Akwai kuma wuraren da asibiti da kaka suka yi ta ja-in-ja. Tsofaffi a wurare da yawa suna ƙyamar daƙashi, nonon farko mai kauri, suna ba jariri ruwa ko jiƙo. Ma'aikatan lafiya kuma suna cewa a sa shi a nono tun sa'ar farko, kada a ba shi komai sai nono har wata shida. Kaka tana son gasa cibiya ta shafa mata mai don ta faɗi kafin suna, nas tana cewa a bar ta da maganin da aka bayar. Mai jego tana tsakiya, ga wadda ta karɓi haihuwarta, ga wadda ke tashi da asuba ta dafa mata ruwa, kuma ba ta iya ɓata wa ko ɗaya.

Kuɗi ne ya daɗe yana yanke hukuncin inda za a haihu. Daga tsakiyar shekarun 1980 asibitocin gwamnati suka koma sai an biya kafin a duba mutum, mata da yawa suka zauna gida. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta zo a 2003, a Yulin 2008 kuma aka shelanta kula da masu ciki da haihuwa kyauta a ƙarƙashinta. Ƙaramin asibitin Maamobi, wanda aka ɗaga zuwa babban asibiti, shi ne mafi kusa ga matan unguwannin biyu. Kyautar ba ta hana kashe kuɗi ba, domin akwai jerin kayan da ake umartar mai ciki ta zo da su, auduga da leda da sabulu da maganin wanke ɗaki da zannuwa. Haɗa jakar asibiti ya zama sabon babi a shirin haihuwa, ana tsintar kayan kaɗan-kaɗan a kasuwar Nima ranar Laraba, ko Makola, ko wurin 'yan gwanjo a Kantamanto.

Inda aka binne cibiya

Bahaushe idan yana son ya ce nan ne asalinsa, sai ya ce nan aka binne cibiyarsa. A zango wannan magana ta taɓa zama mai nauyin gaske. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban ɗaruruwa suka fita, zuwa Najeriya da Nijar da Togo da Saman Volta, wadda yanzu ake kira Burkina Faso, cikinsu har da waɗanda aka haifa a Nima da Sabon Zango, ba su taɓa ganin garin da aka ce nasu ba ne. Gidaje suka rabu, uwa ta tafi 'ya ta zauna saboda aurenta. Matan da suka haihu a shekarun da suka biyo baya da yawa sun yi jego ba uwa ba inna, abin da ya ƙara ɗora nauyin a kan maƙwabta da ƙungiyoyin mata da magajiyoyinsu.

Tun daga lokacin takarda ta shiga kayan haihuwa. Rajistar jariri kyauta ce a cikin shekararsa ta farko, kuma iyayen da suka ga abin da ya sami kakanninsu ba su wasa da ita. Amma tsarin mulkin 1992 ya rataya zama ɗan ƙasa a kan jini, wato sai uwa ko uba ko ɗaya daga cikin kakanni ya kasance ɗan Gana, kuma a 2020 Kotun Ƙoli ta ce takardar haihuwa ita kaɗai ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce. Saurayin da sunansa Hausa ne ko Fulatanci, wanda kakan kakansa ya zo da rundunar Glover, har yanzu yana iya gamuwa da tambayar daga ina ka zo a teburin yin katin ɗan ƙasa. Sunan da aka raɗa masa a rumfar lungu yana bin sa har can.

A 'yan shekarun nan cunkoso da tsadar haya sun tura matasan zango zuwa bayan gari, Madina da Ashaiman da Kasoa, wadda sunanta ma kasuwa ce ta Hausa. Can ana samun ɗaki biyu ko uku, wasu har da gadon jariri na katako da aka saya a shago, wanda galibi yakan ƙare a matsayin ma'ajiyar kaya, yaron yana gefen uwarsa. Tsofaffin kuwa suna nan Nima da Maamobi a gidajen gado. Don haka tafiyar da aka baro a ƙasar Hausa ta dawo da sabon salo: mai cikin fari ta hau trotro daga Kasoa da jakar asibitinta ta koma ɗakin uwarta, ko uwar ta kulle nata ɗakin ta bi ta da ƙullin yaji da man kaɗanya. Ranar da aka cika arba'in mai jego ta yi kitso da lalle, ta ɗaure yaro da majanyi, ta shiga gidajen da suka zo mata barka ɗaya bayan ɗaya, katin awon nauyi da allurar rigakafi yana cikin jakarta, domin allurar mako shida tana faɗowa ne kwana biyu bayan arba'in.